Wa Ya Rage Wa Ɗan Sanda Kuɗin Cefane?

 Akwai wani zance da kusan kowacce mace a ƙasar nan ta taɓa ji da kunnenta, ko a gidansu ko a maƙwabta. An haura katanga cikin dare an kwashe kayan ɗaki, ko an tare yarinya a lungu an ƙwace mata waya, maigida ya zura takalmi ya tafi caji ofis, can sai ga shi ya dawo yana huci. Ki tambaye shi yaya aka yi, sai ya ce wai babu mai a mota, wai mutum biyu ne kaɗai a bakin aiki, wai ko takardar da za a rubuta ƙorafin ma sai shi zai sayo. Daga nan a yi ta tsine wa 'yan sanda har a gaji, a bar wa Allah.

To ni dai ban zo wanke kowa ba. Wanda ya karɓi na goro a hannun mai laifi ya saki, ko ya mari talaka a kan naira hamsin, laifinsa yana wuyansa. Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Mu mata mun fi kowa sanin cewa idan maigida ya rage kuɗin cefane, ba a ranar ake ganewa ba. Da farko ki rage nama, sannan ki rage mai, sannan ki ƙara wa miya ruwa, kina rufa asiri. Sai an yi watanni a ga yara sun rame, sun fara leƙa tukunyar maƙwabta, shi kuma maigida ya buɗe baki ya ce ba ki iya girki ba. Kusan haka aka yi wa aikin ɗan sanda a Nijeriya, kuma an daɗe ana yi. Ki gyara zama ki ji yadda abin ya faro.

DAGA DOGARI ZUWA ƊAN DOKA

Kafin zuwan Turawa, tsaron gari a ƙasar Hausa yana hannun sarki ne da dogaransa masu riga ja da kore. Su ne masu kama ɓarawo, su ne masu kai shi gaban alƙali, su ne masu tsaron gidan yari. A ƙasa da su kuma akwai hakimi da dagaci da mai unguwa, waɗanda baƙo ba ya kwana a gari ba su sani ba.

Shi kuwa ɗan sanda irin na Bature, a Legas aka haife shi. A shekarar 1861 Turawan Ingila suka kafa wata 'yar runduna ta mutum 30 don ta tsare musu ofishinsu. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga da ɗamara. Zuwa 1879 rundunar ta kai mutum 1,200, kuma da sunan Hausawa ake kiran ta. Kin ga ke nan tun daga tushe da hannun namu a cikin wannan aiki. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya guda ɗaya, hedikwatarta a Legas. Mata kuwa sai a 1955 aka fara ɗaukar su.

Sai dai a nan Arewa, wanda talaka ya sani shi ne ɗan doka. A shekarun 1920 Turawa suka gyara aikin dogarai suka fitar da 'yan doka, wato 'yan sandan En'e, waɗanda ake biya daga baitulmalin masarauta, da kuɗin haraji da jangali. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, kuma ba ƙaramin muƙami ba ne, domin marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe shi a Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya zama sarki a 1963. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san lungu ya san saƙo, ya san ɗan wane da jikan wance. Idan an yi sata a unguwa, kafin azahar ya san ƙofar da zai buga.

Kada kuma ki ɗauka zamanin nan aljanna ne. Ki tambayi tsofaffin 'yan NEPU su ba ki labarin kulkin ɗan doka. An yi amfani da su wajen dukan 'yan adawa da ɗaure su a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma da yawansu ba su da ilmin aikin. Wannan ne ya sa da sojoji suka karɓi mulki a 1966 suka yanke shawarar soke su. Daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970 aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, waɗanda ba su cika sharuɗɗa ba aka sallame su.

AN HAƊE TUKUNYA

Abin da wannan haɗewa ta haifar shi ne, duk ƙasar nan ta koma cin tuwo daga tukunya ɗaya. Albashin ɗan sandan da ke Gwarzo, da man motar ofishin da ke Gumel, da kakin wanda ke gadi a Argungu, duk daga aljihun gwamnatin tarayya za su fito. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da haka, na 1999 ma ya maimaita: ba a yarda a kafa wata rundunar 'yan sanda ba bayan wannan guda ɗaya.

Lokacin da aka yi haka ana cikin daular man fetur, don haka babu wanda ya damu. A 1960 'yan sandan tarayya ba su wuce 12,000 ba. Zuwa 1979 sun kai kimanin 80,000. Sarakuna sun rasa 'yan dokarsu, jihohi sun huta da biyan albashi, kowa ya miƙe ƙafa. Ba wanda ya tsaya ya yi tambayar da kowacce uwargida mai hankali za ta yi: to ranar da wannan tukunya ɗaya ta ƙone fa, ina za a nufa?

Alamar farko ta bayyana a Kano cikin Disambar 1980, lokacin rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki. 'Yan sanda suka tunkari mutanen nan, aka fi ƙarfinsu, aka kashe wasu daga cikinsu, har sai da aka kira sojoji. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka rasa rayukansu. Bayan wannan, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta buɗe bakin aljihu, ta ƙara ɗaukar kurata, ta sayo wa 'yan sandan kwantar da tarzoma motoci masu sulke da manyan makamai a zamanin Sufeto Janar Sunday Adewusi. Sojoji suna kallo, abin bai yi musu daɗi ba, don gani suke an yi musu kishiya. Ai kuwa da suka kifar da gwamnatin a ranar 31 ga Disamba 1983, suka karɓe motocin nan masu sulke. Ke ma kin san halin kishiya idan ta samu makullin sito a hannunta.

SHEKARUN TSUKE BAKIN ALJIHU

Tun 1982 gwamnatin Shagari ta fara shelar tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar kuɗin mai. A 1986 farashin man ya sake zubewa da fiye da rabi, Janar Babangida ya kawo shirin nan na SAP. Aka karya darajar naira, aka rage abin da gwamnati ke kashewa, aka takaita ɗaukar ma'aikata. Dalar Amurka da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985, ta koma wajen naira huɗu a 1987. Zuwa 1993 ta kai naira 22 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa ta haura naira 80 a tsakiyar shekarun 1990.

Wadda ta yi aure a wannan zamani ba sai an ba ta labari ba. Amma ki duba yadda abin ya faɗa wa ɗan sanda ta fuska uku. Ta farko, albashinsa ya zama takarda, ba ya kai shi tsakiyar wata, ga shi kuma ba ya zuwa a kan kari. Ta biyu, kusan duk kayan aikinsa daga waje ake sayo su: mota, taya, bindiga, harsashi, na'urar oba-oba. Da naira ta faɗi, motar da ta lalace sai a ɗora ta a kan duwatsu a bayan ofis, kaji su mai da ita akurki. Ta uku, wadda ta fi kowacce illa, a mafi yawan shekarun 1990 an kusan rufe ƙofar ɗaukar sababbin kurata gaba ɗaya.

Nan ne lissafin yake, 'yar'uwa. Ɗan sanda yana ajiye aiki idan ya shekara 35 yana yi, ko ya cika shekara 60 da haihuwa. Wasu suna mutuwa, wasu ana korar su, wasu suna gudu. Gwamnati ba sai ta sallami kowa ba, ta dai daina ɗauka kawai, rundunar za ta riƙa zagwanyewa da kanta kamar sabulu a cikin ruwa. Mu kuwa ba mu daina haihuwa ba. Unguwanni suna ta tsirowa a bayan gari, ƙauyuka suna zama garuruwa, amma caji ofis ɗin nan dai shi ne, da mutanensa da suke ta raguwa suna tsufa. Ga ƙarin girma an tsayar, sai ki ga mutum ya shekara goma sha yana kofur.

Da sojoji suka miƙa mulki a 1999, 'yan sandan Nijeriya kimanin 140,000 ne, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 110. Wato ɗan sanda ɗaya ga mutum wajen 800 ke nan, alhali ma'aunin da aka saba ambatawa shi ne ɗaya ga mutum 450.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1986 wani ɗan fashi mai suna Lawrence Anini ya addabi birnin Benin da kewaye, yana kashe 'yan sanda da rana tsaka, har shugaban ƙasa ya tambayi Sufeto Janar a bainar jama'a ina Anini yake. Da aka kama shi a Disambar shekarar, sai asiri ya tonu cewa wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, shi ne mai ba su makamai da labari. An harbe su a 1987. A wannan zamani ne kuma shingen kan hanya ya zama wurin karɓar na goro a fili, direba ya miƙa, a ɗaga masa katako ya wuce. Kuɗin nan fa ba daga aljihun direba yake fita ba. Yana ɗora shi a kan kuɗin mota, mai kaya ya ɗora a kan buhu, ke kuma ki biya a wajen mai awo. Gwamnati ta yi tsimi a Legas da Abuja, ke kin biya a kwanon masara.

BAƘI SUN YI YAWA, TUWO BAI ƘARU BA

Da Cif Obasanjo ya hau, ya ga ɓarnar da aka yi, sai ya ba da umarni a shekarar 2000 a riƙa ɗaukar kurata 40,000 kowacce shekara har shekara biyar. Niyya mai kyau ce, kuma adadi ya ƙaru ƙwarai, domin zuwa 2008 rundunar ta kai 371,800. Amma ki yi tunanin gidan da aka saba dafa mudu biyu, rana ɗaya maigida ya kwaso baƙi talatin ya ce a ba su abinci, bai ƙara ko ƙwayar shinkafa ba, bai sayo ƙarin kwano ba.

Makarantun horon 'yan sanda, irin na Ikeja da Kaduna da Maiduguri, ba a gina su don wannan taro ba, ga shi sun shekara da shekaru babu gyara. Aka cusa yara kamar kifin gwangwani, aka yi musu horo sama-sama, aka miƙa musu bindiga. Tantancewa ma ba a yi ta yadda ya kamata ba, har su manyan rundunar daga baya suka riƙa kukan cewa ɓata-gari sun shigo cikinsu. Bariki bai ƙaru ba, mota ba ta isa ba, albashi da alawus kuma ana bin bashi.

Ranar 1 ga Fabrairu 2002 aka ga abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar nan: ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Sai da aka fito da sojoji su tsare bankuna da manyan wurare. Wata guda bayan haka aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith.

To a nan fa dole a faɗi ɗaya gefen, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba ƙarancin kuɗi kaɗai ba ne ciwon, har da inda ɗan abin da aka bayar yake maƙalewa. Wanda ya gaji Smith, wato Tafa Balogun, hukumar EFCC ta gurfanar da shi a 2005 a kan dukiya ta biliyoyin naira, ya amsa laifi, aka yanke masa wata shida. A 2012 kuma badaƙalar kuɗin fanshon 'yan sanda ta fashe, aka ji yadda wasu ma'aikata suka yi wa haƙƙin tsofaffi da marayu ɗibar karan mahaukaciya. A Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya cikin makarantar horon 'yan sanda ta Ikeja: rufi yana yoyo, banɗaki ba ya shiguwa, abinci ko almajiri sai ya yi tunani kafin ya karɓa. Abin ya kai shugaba Jonathan ya je da kansa ba tare da sanarwa ba. Yaron da aka rena a wannan wuri, aka koya masa cewa shi ba kowa ba ne, wane irin tausayi kike jiran ya nuna miki a kan titi?

Kuma ko a shekarun da kasafin 'yan sanda ya yi kauri a takarda, kaso mafi tsoka albashi ne yake cinyewa. Abin da ya rage na mai da takarda da gyaran mota, kafin ya gangaro daga Abuja zuwa hedikwatar jiha, daga can zuwa ofishin unguwa, ya zama ɗigon ruwa. Shi ya sa ake ce wa maigidanki ya kawo kuɗin mai.

INA SAURAN SUKA SHIGA?

Daga 2008 zuwa 'yan shekarun nan adadin ya tsaya cik a wajen 370,000, alhali jama'ar da aka ƙidaya miliyan 140 a 2006 sun haura miliyan 200. Gwamnatin Buhari ta ɗauki 10,000 a 2016, ta yi alkawarin ci gaba da haka, sai rigima ta ɓarke a 2019 tsakanin Sufeto Janar da hukumar kula da aikin 'yan sanda a kan wa ke da ikon ɗauka. Shari'ar ba ta ƙare ba sai a 2023 a Kotun Ƙoli. A wannan shekarar ce Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce ana bukatar ƙarin mutum 190,000 kafin a kai ma'auni.

Ko waɗanda ake da su ɗin ma, ba duka ne naki ba. A 2018 Mike Okiro, tsohon Sufeto Janar wanda ke shugabantar hukumar kula da aikin 'yan sanda a lokacin, ya ce sama da 150,000 suna gadin manyan mutane ne. Kin sha ganin su a gidan biki, ɗan sanda da bindigarsa yana riƙe wa hajiya jaka, wani yana buɗe wa yaro ɗan makaranta ƙofar mota. Can kuwa a ƙauye, gari guda da rugagensa ba su da ko mutum goma.

Wurin da hukuma ta bari, wani ne zai cike shi. A Legas gwamnatin soja ta kafa rundunar sintiri ta haɗin gwiwa da sojoji. A Aba 'yan kasuwa suka kafa 'yan Bakassi a 1998, masu yanke hukunci da adda. A Maiduguri matasa suka tashi da gora a 2013, ana kiran su kato da gora. A unguwanninmu kuma kowane gida yana ba da kuɗin 'yan sintiri duk wata, wanda sau da yawa daga cikin kuɗin cefanenki yake fita. Wasu daga cikin waɗannan sun yi aikin da za a gode musu, sun ba da rayukansu. Amma a Zamfara mun ga yadda 'yan sa-kai suka riƙa kashe wanda suke zargi a kasuwa ba alƙali ba shaida, 'yan'uwan mamaci su shiga daji su dawo ɗaukar fansa, gaba ta yi ta ruruwa har ta cinye ƙauyuka. Daga baya jihohi suka shiga kafa nasu da doka, Katsina a 2023, Zamfara da Askarawanta a 2024. Kin ga an zagaya an dawo kusa da ɗan doka, bayan an sha wuya.

Wa ya fi ɗanɗana kuɗar wannan giɓi? Mu ne da 'ya'yanmu. Chibok, Afrilun 2014, 'yammata 276. Dapchi, Fabrairun 2018, 'yammata 110, inda sojoji suka ce sun janye sun bar garin a hannun 'yan sanda, 'yan sanda suka ce ba wanda ya miƙa musu komai. Jangebe, Fabrairun 2021, 'yammata 279. Maga a jihar Kebbi, Nuwambar 2025, 'yammata 25. Duk uwar da ta ji waɗannan sunaye ta cire 'yarta daga makarantar kwana, wa zai ga laifinta? Amma karatun yarinyar nan ya tafi ke nan, kuma ba za ki taɓa ganin wannan asara a cikin lissafin kasafin kuɗi ba. A cikin watan na Nuwamba ne shugaba Tinubu ya ba da umarnin a janye 'yan sanda daga gadin manya, a kuma ƙara ɗaukar 20,000 a kan 30,000 da aka amince da su tun farko. Sufetoci da dama sun sha ba da irin wannan umarni na janyewa a baya, ana kwana biyu a koma gidan jiya.

HAR A INGILA

Kada ki ce wannan ciwo na baƙar fata ne kawai. Su kansu waɗanda suka kawo mana aikin sun taɓa faɗawa. A 2010 gwamnatin David Cameron ta shiga tsuke bakin aljihu, 'yan sandan Ingila da Wales suka ragu daga kimanin 143,000 zuwa kimanin 122,000 a 2018, aka rufe ofisoshi da yawa. Jama'a suka yi ta kuka, har a 2019 Boris Johnson ya yi alkawarin ɗaukar 20,000, aka cika adadin a 2023. Sai dai waɗanda suka tafi ƙwararru ne da suka san aiki, waɗanda suka shigo kuwa sababbin hannu ne. Darasin ɗaya ne da namu na shekarar 2000: rana ɗaya ake sare itace, amma kafin wani ya girma ya ba da inuwa sai an shekara da shekaru.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

An ɗan taɓa wasu gyare-gyare. A 2019 aka kafa asusun tallafa wa 'yan sanda da doka. A 2020 aka yi sabuwar dokar 'yan sanda. Matasan da suka yi zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, duk da fushinsu, cikin bukatunsu biyar har da a ƙara wa ɗan sanda albashi, kuma a Disambar 2021 gwamnati ta amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari. To amma tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ta lashe ƙarin nan ta sha ruwa.

Ki leƙa barikin 'yan sanda wata rana ki ga 'yar'uwarki mace. Ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar, banɗaki na haɗaka, tana soya awara ko ƙosai a bakin ƙofa don ta cike giɓin albashi. Mijinta ya fita da asuba, ba ta san ko zai dawo ba. In an kashe shi a bakin aiki, ta shiga zaryar neman haƙƙinsa daga wannan ofis zuwa wancan, ga kuma takardar tashi daga bariki. Da ita da ke da aka haura wa katanga, rami ɗaya kuka faɗa.

Don haka ga abin da nake so ki riƙe. Ki san haƙƙinki: beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, don haka ba a yarda a tafi da ke ba don an nemi mijinki ko ɗanki an rasa. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 kuma ta ce ba za a hana mutum tsaya wa wani beli ba don kawai mace ce. Rashin kuɗin gwamnati ba hujja ba ce ta tatsar ki.

Sannan idan lokacin zaɓe ya zo, masu neman kujerar majalisar tarayya suka aiko da atamfa da taliya da sabulu, ki tuna su ne masu sa hannu a kasafin kuɗin nan duk shekara. A taron mata, a gidan suna, a ƙungiyar adashi, mu tambayi wakilansu: 'yan sanda nawa ne a ofishin unguwarmu? Motarsu tana tashi? Akwai mace a cikinsu da yarinyar da aka ci wa zarafi za ta iya buɗe baki ta yi wa bayani? Su nawa ne suke bin bayan mai gidan naku, su nawa ne a ƙofar makarantar 'ya'yanmu? Atamfa wanki uku ta koɗe, taliya dare ɗaya ce. Shi kuwa tsimin da aka yi a kan tsaro tun ina yarinya, ga shi har yau muna biyan bashinsa, kuma in muka yi shiru 'ya'yanmu ne za su gaji ragowar.

Allah ya tsare mana gidajenmu da zuri'armu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.